Da Wane Mudu Ake Auna Basirar Ƙirƙira A Dabarun Injiniyoyi?

Gabatarwa

Hausawa na cewa sai an gwada akan san na ƙwarai. A kasuwa gwaji ba shi da wuya, domin hatsi yana da mudu, nama yana da sikeli. Amma idan malami ya ba ɗalibai 40 masu koyon aikin injiniya matsala guda, kowa ya zana tasa dabarar a takarda ya kawo, da wane mudu malamin zai auna har ya ce dabarar wane ta fi ta wane? Tambayar ba ta wasa ba ce. A kan amsarta ake ba ɗalibi maki, ake ba matashi kyautar gasa, kuma a kanta ne kamfani yake yanke shawarar inda zai zuba kuɗinsa. Idan mudun ya karkace, sai mai basira ya tashi a tutar babu, mai kwaikwayo ya tafi da kyauta.

Na san wasu daga cikin 'yan uwana ɗaliban harshe za su ce, me ya haɗa kifi da kaska? Ina roƙon a yi mini haƙuri a bi ni zuwa ƙarshe. Wannan maƙala za ta bayyana hanyoyin da masana suka fito da su don auna ƙirƙira a aikin injiniya, ta nuna ƙarfin kowace hanya da rauninta. A cikin haka za mu ga cewa wani babban ɓangare na awon nan aikin harshe ne, wato sa wa abubuwa suna da karkasa su gida-gida.

Ma'anar Ƙirƙira

Kafin a auna abu, dole a san mene ne shi. Galibin masanan da suka yi nazarin wannan fanni sun amince cewa ƙirƙira tana tsaye ne a kan ƙafafu biyu. Ta farko ita ce sabunta, wato dabarar ta bambanta da abin da aka saba gani. Ta biyu ita ce amfani, wato dabarar ta biya buƙatar da aka yi ta dominta. Sabo marar amfani shirme ne, mai amfani kuma da kowa ya riga ya sani maimaici ne. Sai sun haɗu ake kiran abu ƙirƙira.

A aikin injiniya ƙafa ta biyu tana da nauyi ƙwarai. Marubucin labari yana iya sa gada ta tashi sama kamar tsuntsu, mu yaba masa. Injiniyan da ya zana gadar da ba za ta ɗauki mota ba kuwa, rayukan mutane ya jefa cikin haɗari, kome kyawun zanen nasa.

Yadda Aka Faro Awon

Masana halayyar ɗan Adam ne suka fara wannan aiki. A shekarar 1950 wani masani ɗan Amurka mai suna J. P. Guilford ya yi jawabi a matsayinsa na shugaban ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta ƙasarsa, inda ya koka da cewa an yi watsi da nazarin ƙirƙira. Ya ce daga cikin rubuce-rubuce kimanin 121,000 da aka jera a fannin cikin shekara 23, guda 186 kacal ne suka taɓo batun. Daga baya ya fito da wani gwaji mai sauƙi: a ba mutum sunan abu kamar bulo, a ce ya lissafo duk abin da za a iya yi da shi cikin ɗan lokaci. Ana duba abu huɗu a amsoshinsa: yawansu, da yawan fannonin da suka taɓo, da ƙarancin mutanen da suka kawo irinsu, da zurfin bayanin da ya yi. Wanda ya ce a gina ɗaki da bulo, a gina katanga, a gina shago, ya kawo amsa uku amma duk gida ɗaya suka fito. Wanda ya ce a tare ƙofa da shi, a niƙa shi a yi launi, a ɗumama shi a gasa ƙafa lokacin sanyi, shi ma uku ya kawo amma daga gidaje uku. A shekarar 1966 E. Paul Torrance ya faɗaɗa wannan tunani ya fitar da jarrabawar da ake kira da sunansa.

Waɗannan gwaje-gwaje mutum suke aunawa. Injiniyoyi kuwa abin da ya dame su shi ne dabarar kanta da ke kan takarda, don haka suka nemi nasu mudun.

Ma'aunai Huɗu Na Injiniyoyi

A shekarar 2003 Jami Shah, wanda a lokacin yake koyar da aikin injiniya a Jami'ar Jihar Arizona ta Amurka, tare da Noe Vargas-Hernandez da Steven Smith, suka buga wata maƙala a mujallar Design Studies wadda ta zama madogara a wannan fanni. Sun kawo ma'aunai huɗu. Na farko shi ne yawa, wato adadin dabarun da mutum ko rukuni ya samar. Na biyu inganci, wato ko dabarar za ta yiwu kuma ta cika sharuɗɗan da aka gindaya. Na uku sabunta, wato yadda dabarar ta fita daban a cikin sauran. Na huɗu bambanci, wato yadda dabarun mutum guda suka yi nisa da junansu.

Domin auna bambanci, sukan jera dabaru kamar bishiyar zuriya mai hawa huɗu. Idan dabaru biyu sun rabu tun daga ƙa'idar kimiyyar da suka dogara a kanta, ana ba rabuwar nauyin 10. Idan ƙa'idar ɗaya ce amma hanyar sarrafa ta daban, nauyin 6. Idan a siffar jiki suka bambanta, nauyin 3. Idan kuwa a ƙananan abubuwa ne kawai, nauyin 1. Ma'ana, wanda ya zana keke goma da suka bambanta a siffar sirdi bai kai wanda ya zana keke ɗaya da kwalekwale ɗaya ba.

Lissafin sabunta kuwa ga yadda yake: a ɗauki jimillar dabarun da aka kawo, a cire adadin waɗanda suka bi hanya iri ɗaya da dabarar da ake aunawa, a raba abin da ya rage da jimillar, sannan a ninka sau 10.

Bari in ƙaga misali don a gane. A ce an umarci ɗalibai 40 su zana na'urar jawo ruwa daga rijiya, muna kuma duba inda na'urar za ta samu ƙarfi. Ɗalibai 24 sun ce a juya mariƙi da hannu, 10 sun ce injin mai, 4 sun ce hasken rana, 2 sun ce a taka feda da ƙafa kamar ta keke. Makin masu juyawa da hannu shi ne 40 a cire 24, saura 16, a raba da 40 a ninka sau 10, ya zama 4. Da wannan lissafi masu injin mai za su samu 7.5, masu hasken rana 9, masu feda 9.5. Ke nan dabarar feda ce ta fi sabunta a wannan aji. Kyawun hanyar shi ne duk wanda ya sake lissafin zai samu amsa ɗaya, ba ruwanta da sanayya ko son kai.

Inda Mudun Yake Yoyo

Sai dai lissafin yana da rauni guda uku da ya kamata mai karatu ya lura da su.

Na farko, makin ya dogara ne ga waɗanda aka haɗa ka da su. Da a ce ɗalibai 20 ne suka zaɓi hasken rana, da makin dabarar ya faɗo daga 9 zuwa 5, alhali ba a canza ko layi ɗaya a zanen ba. Bugu da ƙari, famfon da ake takawa da ƙafa ba baƙon abu ba ne a duniya, manoma a ƙasar Bangaladash suna ban-ruwa da shi tun shekarun 1980. Masaniyar nan 'yar Ingila Margaret Boden ta rarrabe wannan a littafin da ta buga a 1990: akwai abin da yake sabo ga mai tunanin kansa, akwai kuma wanda yake sabo a tarihin ɗan Adam baki ɗaya. Lissafin aji bai san na biyun ba.

Na biyu, kuma shi ne ya fi jan hankalina, makin ya dogara ga sunan da mai awo ya sa wa dabarun. Idan ya raba "ƙarfin hannu" da "ƙarfin ƙafa", masu feda suna da 9.5. Idan kuwa ya haɗa su ƙarƙashin suna guda ya ce "ƙarfin ɗan Adam", sai su zama 26 cikin 40, makinsu ya koma 3.5. Wanda ya zo na ɗaya ɗazu ya koma na ƙarshe, kuma ba abin da ya sauya sai kalma. Mu da muka yi darasin ilimin ma'ana mun san wannan matsala: shin randa da tulu da tukunya abu ɗaya ne ko uku? Amsar tana ga wanda yake karkasawa da dalilin da ya sa yake yi. Lambar da ke fitowa a ƙarshe tana kama da gaskiyar da ba ta da gardama, amma hukuncin mutum yana ɓoye a ƙarƙashinta.

Na uku, yadda aka gabatar da tambaya yana iya ɗaure tunanin masu amsawa. A shekarar 1991 David Jansson da Steven Smith sun yi gwaji da ɗaliban injiniya a Amurka. Ɗaya daga cikin ayyukan shi ne zana kofin shan kofi wanda ba ya zubewa. An nuna wa rukuni ɗaya misalin kofi mai tsinken zuƙa, aka kuma gargaɗe su kada su sa irin wannan tsinke. Duk da haka, waɗanda suka ga misalin sun fi waɗanda ba su gani ba sa tsinken a zanensu. Saboda haka ƙaramin maki ba kullum yake nuna ƙarancin basira ba, wani lokaci misalin da malami ya nuna ne ya maƙale a zukatan ɗalibai.

Hukuncin Gwanaye

Akwai masanan da suke ganin tun da ba za a kauce wa hukuncin mutum ba, gara a fito da shi fili a tsara shi. A shekarar 1982 Teresa Amabile ta gabatar da hanyar da ta ginu a kan yardar gwanaye. Ana tara mutanen da suka ƙware a fannin, kowa ya duba ayyukan shi kaɗai ba tare da shawara da ɗan uwansa ba. Ba a ba su ma'anar ƙirƙira, ana cakuɗa jerin ayyukan ga kowane alƙali, kuma suna kwatanta ayyukan ne da junansu. A ƙarshe sai a duba ko hukuncinsu ya zo kusa da juna. Idan ya zo, an amince da sakamakon.

Wannan bai yi nisa da yadda ake sanin gwanin maƙeri ko gwanin marini a gari ba, 'yan sana'a ne suke shaidar junansu. Amfanin hanyar shi ne gwani ya san abin da aka riga aka yi a duniya, ba zai ɗauki tsohon abu a matsayin sabo ba. Matsalarta kuma ita ce tsada da ɓata lokaci, domin tara gwanaye su duba zane ɗari biyar ba ƙaramin aiki ba ne. Haka kuma gwanayen da suka sha ruwa a rijiya ɗaya suna iya haɗuwa su ƙi abin da ya saɓa wa tarbiyyarsu.

Sabunta Da Amfani

A shekarar 2011 Prabir Sarkar da Amaresh Chakrabarti na Cibiyar Kimiyya ta Indiya da ke Bangalore sun ba da shawarar a ninka makin sabunta da makin amfani don a samu makin ƙirƙira. Amfani kuma suna auna shi da muhimmancin buƙatar da abin yake biya, da yawan masu amfani da shi, da yawan lokutan da ake amfani da shi da tsawonsu. Hikimar ninkawa ita ce idan ɗaya ya zama sifiri, duka sun zama sifiri.

Misalai biyu za su haska wannan. A watan Disamba na 2001 Dean Kamen ya fito da Segway a Amurka, wani abin hawa mai ƙafa biyu da ke daidaita kansa da kansa yayin da mutum yake tsaye a kai. Ta fuskar sabunta ba a magana, an yi ta cewa zai sauya fasalin birane. Amma kuɗinsa ya kai kusan dala 5,000, kuma mutane da yawa ba su ga abin da zai yi musu wanda keke ko ƙafa ba su yi ba. Kafin a daina ƙera shi a 2020, kimanin guda 140,000 kawai aka sayar. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Misali na biyu daga gida yake. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, wanda ya fito daga gidan magina tukwane, ya yaɗa wata dabara a shekarun 1990. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Yayin da ruwan yake tsattsafowa ta jikin babbar tukunya yana bin iska, sai ya tafi da zafi, cikin ƙaramar ya yi sanyi. An ba da rahoton cewa gautan da kan lalace cikin kwana 3 ya kai kwana 27 a cikinta. A shekarar 2000 ya samu kyautar Rolex ta dala 75,000.

Idan ƙa'idar kimiyya kawai aka duba, makin sabuntar tukunyar ba zai yi yawa ba, domin kowace tsohuwa a ƙasar Hausa ta san randa tana sanyaya ruwa. Sabon abin shi ne yadda aka haɗa tukwane biyu da yashi aka juya tsohon sani zuwa adana kayan lambu ga manomin da ba shi da lantarki. Da tsohuwar zuma ake magani. Sannan amfanin kansa yana da iyakar ƙasa. Tukunyar tana aiki sosai inda iska take a bushe. A nan kudancin Nijeriya kuwa, inda iska ke cike da laima, ruwa ba ya saurin bushewa, don haka sanyin da take bayarwa kaɗan ne. Dabara ɗaya, maki biyu, gwargwadon inda aka ajiye ta.

Mudun Doka

Hukuma ma tana da nata awon. Dokar Nijeriya ta 1970 kan mallakar ƙirƙira ta gindaya sharuɗɗa uku kafin a ba mutum takardar mallaka: abin ya zama sabo, ya kasance ya fito daga ƙoƙarin ƙirƙira ba abin da duk mai sanin fannin zai hango da sauƙi ba, kuma a iya ƙera shi ko amfani da shi a masana'anta. Sabo a idon doka yana nufin ba a taɓa bayyana shi ga jama'a a ko'ina ba, wato nau'i na biyu a rarrabewar Boden. Takardar tana aiki shekara 20. Abin lura shi ne a ƙarƙashin wannan doka magatakarda yana duba cikar takardun neman ne kawai, idan gardama ta taso kan ko abin sabo ne, kotu ce take yanke hukunci. Saboda haka riƙe takardar kaɗai bai isa shaidar cewa an auna dabarar an same ta sabuwa ba.

Kwamfuta Da Matsalar Harshe

A 'yan shekarun nan an koma neman kwamfuta ta yi awon. A 2021 Roger Beaty da Dan Johnson suka fitar da wata manhaja mai suna SemDis wadda take auna nisan ma'ana tsakanin kalmomi. Kwamfuta tana nazarin ɗimbin rubutu ta ga waɗanne kalmomi ne suke yawan zama kusa da juna. Bulo da gini maƙwabta ne, don haka amsar da ta haɗa su makinta kaɗan ne. Bulo da launi sun yi nisa, don haka makin ya fi yawa. A 2023 kuma wasu masu bincike ƙarƙashin Erik Guzik na Jami'ar Montana sun ba ChatGPT jarrabawar Torrance, amsoshinsa suka shiga sahun kashi 1 cikin 100 na sama wajen yawa da sabunta. Sai dai wani binciken da Anil Doshi da Oliver Hauser suka buga a 2024 kan rubuta gajerun labarai ya nuna cewa waɗanda ƙirƙirarriyar basira ta taimaka wa sun samu maki mafi kyau ɗaiɗaikunsu, amma labaransu sun fi kama da juna. Wannan ya tuna mana dalilin da ya sa Shah da abokansa suka ware bambanci a matsayin ma'auni mai zaman kansa.

A nan ne aikin ya iso ƙofar ɗalibin Hausa. Waɗannan manhajoji da rubutun Ingilishi aka fi horar da su. Idan makaniki ko maƙeri ya bayyana dabararsa da Hausa, kwamfutar da ba ta ga isasshen rubutun Hausa ba za ta iya ɗaukar kalmar yau da kullum a matsayin baƙuwa. Ga shi kuma rubutunmu ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, shi ya sa garin da ake zama a cikinsa da garin tuwo suke da kama ɗaya a takarda. Idan aka ƙara da sakacin barin haruffa masu lanƙwasa, sai kafa da ƙafa su zama kalma ɗaya, baki da baƙi ma haka. Kwamfutar da ta ruɗe a kan waɗannan ba za ta auna nisan ma'ana daidai ba.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa babu mudu guda da ya isa auna ƙirƙira. Lissafin Shah da abokansa yana da tsabta amma bai ga abin da ke wajen aji ba. Hukuncin gwanaye yana da faɗin sani amma yana da tsada. Ninka sabunta da amfani yana hana mu ruɗuwa da ƙyale-ƙyali, doka kuma tana tambayar tarihi. A ganina, duk wanda aka nuna masa makin ƙirƙira ya kamata ya yi tambaya uku: da me aka kwatanta dabarar, wa ya karkasa dabarun kuma da waɗanne sunaye, sannan ga wa take da amfani kuma a ina.

Ina kira ga 'yan uwana ɗalibai da mu riƙa leƙa tsangayar injiniya, mu kuma riƙa zama da maƙera da makanikai da masu walda muna rubuta kalmomin sana'arsu da daidaitacciyar Hausa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Injiniya ya san lissafi, mu kuma an koya mana yadda ake rarrabe ma'ana, kuma awon ƙirƙira yana buƙatar duka biyun. Allah ya ƙara mana basira, amin.